Neman gidan soyayyiyar kaza mai kyau a babban birni da kewayensa: tambayoyi da amsoshi

Tambayoyin da ke ƙasa an yi mini su sau da dama, wasunsu ma mutum ɗaya ne yake maimaita su bayan na riga na amsa masa, shi ya sa na tattara su wuri ɗaya domin duk wanda ya sake tambaya in nuna masa nan. Ina roƙon a karanta har ƙarshe kafin a aiko da wata sabuwa.

Wane gidan abinci ne ya fi kowanne iya soya kaza a cikin birni?

Ba zan ambaci suna ba, domin babu gidan da yake riƙe da wannan matsayi kullum. Mai suya yana barin aiki, mai gida yana canza inda yake sayen kaji, kuma gidan da ya ba ku kaza mai daɗi da rana yana iya miƙo muku kwantai da daddare. Ku koyi gane kazar da kanku.

To taurarin da ake bai wa gidajen abinci a Google Maps fa?

Suna taimakawa wajen tace jerin wuraren da za ku gwada, iyakarsu ke nan. Yawancin masu ba da taurari suna yabon kujeru ne da wurin ajiye mota da fara'ar ma'aikata, alhali ku kaza kuke nema. Ku jera sharhin daga mafi sabo, ku karanta na watanni ukun da suka wuce, sannan ku nemi na waɗanda suka ba da taurari biyu ko uku, domin su ne suka fi faɗin takamaiman abin da ya faru. Idan mutane da yawa sun ce kazar ta zo musu da sanyi ko tana nashe da mai, ku yarda da su. Idan kuwa ƙorafinsu shi ne an sa su jira, wannan a wurina shaida ce mai kyau, kuma zan bayyana dalili nan gaba. Hotunan da gidan abincin ya ɗora da kansa kada ku kula su, ku duba waɗanda masu ciniki suka ɗauka.

Idan na shiga wuri a karon farko, me zan fara dubawa?

Hancinku zai gaya muku kafin idonku. Man da yake da kyau ƙamshinsa mai sauƙi ne, wanda aka daɗe ana juyawa kuwa yana da ƙauri mai nauyi da ke kama tufafi da maƙogwaro. Mai yana lalacewa ne idan an yi ta ɗora shi a wuta ana saukewa, ga ruwan nama da ɓurɓushin fulawa suna zuba a cikinsa suna ƙonewa, har ya yi duhu ya yi kauri ya fara kumfa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin ƙasashen Turai da dama sun kafa doka cewa a zubar da man suya idan gurɓatattun sinadaran da ke cikinsa sun kai kusan kashi 25 cikin 100. Ku ba ku da na'urar awo, amma kuna da ido: ɓawon kazar da aka soya a mai mai kyau launinsa ɗaya ne ko'ina, ja-ja mai haske, wanda aka soya a tsohon mai kuwa yana da duhu da ɗigo-ɗigon baƙi, kuma yana barin ɗaci a bayan harshe.

Abu na biyu shi ne yawan ciniki. Ku tsaya na ɗan lokaci ku ga ko ana fito da sabuwar kaza daga kicin a kai a kai, ko kuwa tulin da ke cikin akwatin gilashi yana nan yadda yake ƙarƙashin fitila. Gidan da kaza ba ta zama a cikinsa ya fi gidan da ya ƙawata bango.

Sun ce sai na jira minti goma sha biyar ko ashirin. In tafi wani wuri?

A'a, ku zauna. Wannan tambayar ita ce ta fi ɓata mini rai, domin mutum zai ce yana neman kaza mai kyau, sannan ya yi fushi don an ce za a soya masa sabuwa. Cinya mai ƙashi tana buƙatar kimanin minti goma sha biyu zuwa goma sha biyar a cikin mai mai zafin da ya kai wajen digiri 175 a ma'aunin Selshiyos kafin ta nuna har ciki. Duk wanda ya miƙo muku ita cikin minti ɗaya, tun kafin ku zo aka soya ta.

Me ya sa wata kazar take cika baki da maiƙo?

Man bai yi zafi sosai ba, ko kuma an cika tukunya da nama da yawa lokaci guda har zafin ya sauka. Laifin mai suya ne.

Na ga ja-ja kusa da ƙashi. Kazar ɗanya ce?

Ku kwantar da hankalinku, sau da yawa ba ɗanya ba ce. Kajin da ake yankawa don nama ƙanana ne, ƙasusuwansu ba su gama ƙwari ba, saboda haka launin ɓargo yana ratsowa ya rina naman da ke manne da ƙashi, musamman idan an daskarar da kazar kafin a soya ta. Abin da ke tabbatar da nuna shi ne zafin cikin naman ya kai digiri 74. A teburin cin abinci kuwa sai ku duba yanayin naman: idan yana rabuwa da ƙashi cikin sauƙi kuma yana tururi, ya nuna. Idan yana da santsi da sheƙi, yana tauri a haƙori, ko tsakiyarsa babu zafi, ku mayar da shi ba tare da jin kunya ba, domin ɗanyen naman kaza yana ɗauke da ƙwayoyin cuta irin su Salmonella da Campylobacter, masu haddasa gudawa da amai da zazzaɓi.

Manyan kamfanoni ne suka fi, ko ƙananan gidajen unguwa?

Kowanne da abin da yake sayarwa. KFC, wanda Harland Sanders ya fara ba da izinin buɗe rassansa a shekarar 1952 a jihar Utah ta Amurka, ya yi suna ne da suya a cikin rufaffiyar tukunya mai matsa tururi, wadda take rage lokacin suya ta kuma riƙe ruwan nama. Popeyes, wanda aka kafa a 1972 kusa da birnin New Orleans na Amurka, ya fi karkata ga yaji da ɓawo mai ƙamas-ƙamas. Irin waɗannan kamfanoni suna da tsari a rubuce na yadda ake soyawa da tsawon lokacin da kaza za ta zauna kafin a janye ta, sai dai reshe ya bambanta da reshe gwargwadon yadda manajansa yake bin tsarin. Ƙaramin gida kuwa yana iya fin su nesa ba kusa ba, yana kuma iya gazawa ƙwarai, domin komai yana hannun mutum ɗaya ko biyu. Ni na fi son ƙananan gidaje, amma idan na sauka a unguwar da ban sani ba cikin dare, reshen babban kamfani mai yawan jama'a nake nema.

Gidan da ake yabo yana can bayan gari, tsakaninmu tafiyar kusan awa ɗaya ce. In je in ci a can, in sayo in kawo gida, ko in sa a kawo mini?

Wannan ita ce tambayar da ta cancanci a tsaya a kanta, kuma amsarta ta danganta da abubuwa da yawa. Da farko ku fahimci abin da ke faruwa da kaza daga lokacin da aka tsame ta daga mai. Cikinta cike yake da tururi mai neman hanyar fita, kuma hanyar ita ce ta cikin ɓawon. Muddin tana fili a kan raga, tururin yana tashi ya tafi, ɓawon ya zauna da ƙamas ɗinsa. Da zarar an rufe ta a kwali, balle a ƙulle kwalin a leda, sai tururin ya koma ruwa ya jiƙa ɓawon. A nawa lissafin, bayan minti ashirin a rufe kun riga kun rasa babban ɓangare na abin da ya sa aka yabi gidan, ko da yake wannan ya danganta da kaurin ɓawon da irin kwalin. Don haka idan manufarku ita ce ku san ko gidan ya iya suya, zuwa da kai ya fi aike: ku je ku ci a can, ko da sau ɗaya ne, domin ba adalci ba ne a yanke wa mai suya hukunci da kazar da ta yi awa ɗaya a bayan babur.

Idan kuwa dole ne a kawo ta gida, wataƙila saboda iyali ko baƙi, to sayowa da kanku ya fi aikawa ta manhaja, ko da yake ba a kowane hali ba. Dalilina shi ne idan kuna wurin za ku iya neman a soya muku sabuwa, ku ce a zuba miya ko yaji mai ruwa a wani mazubi dabam, ku kuma buɗe murfin kwalin kaɗan a cikin mota domin tururi ya fita. Mai kawo saƙo ba zai yi wannan ba, kuma sau da yawa yana ɗauke da kayan mutane biyu ko uku, naku yana iya zama na ƙarshe. Amma idan gidan yana amfani da kwali mai huji, kuma hanyar ba ta da cunkoso a wannan lokacin, aiken yana iya zuwa da kyau. Ku auna nisan da lokacin da za a ɓata a hanya, domin kilomita goma a babban birni da yamma, sa'ad da ma'aikata suke komawa gida, tana iya cin lokacin da ya fi na kilomita talatin a hanyar bayan gari.

Akwai kuma batun lafiya, wanda ya fi ƙamas ɗin ɓawo muhimmanci. Ƙwayoyin cuta suna hayayyafa da sauri a dafaffen abinci idan zafinsa yana tsakanin digiri 5 da digiri 60, shi ya sa ƙa'idar da hukumomin kula da abinci suke bayarwa ita ce kada dafaffen nama ya wuce awa biyu a waje, idan kuma zafin gari ya haura digiri 32, awa ɗaya. Ku lura cewa lissafin yana farawa ne daga lokacin da kazar ta bar wuta ko akwatin ɗumama. Tafiyar awa ɗaya a ranar da ake tsananin zafi ta riga ta kai ku bakin iyaka, saboda haka da isarku gida ko dai a ci nan take ko a sa a firji.

Wajen ɗumamawa, ku jera ta a kan raga a cikin obin mai zafin kusan digiri 190 na minti goma zuwa goma sha biyar, har cikinta ya yi zafi sosai. Ɓawon zai farfaɗo, ko da yake ba zai koma kamar na farko ba. Na'urar ɗumama abinci ta maikurowef tana zafafa nama amma tana mayar da ɓawo kamar jiƙaƙƙen tsumma, don haka ba na ba da shawararta sai idan babu wata hanya. Kuma kafin ku kama hanyar bayan gari, ku buga waya ku tabbatar suna buɗe kuma kaza ba ta ƙare ba, domin ƙananan gidaje ba kasafai suke gyara lokutan aikinsu a intanet ba.

Wane yanki zan saya don gwada wuri?

Ƙirji ɗaya da cinya ɗaya. Cinya tana da kitse, tana jure kuskuren mai suya. Ƙirji kuwa nan da nan yake bushewa, saboda haka idan ya zo da laushi kuma gishiri ya ratsa shi har ciki, an tsuma naman kafin suya kuma mai suyan ya san aikinsa.

Na ci kazar wani gida mai salon Koriya, ɓawonta siriri ne mai ƙarfi. An ƙona ta ne?

Ba a ƙona ta ba. A wannan salon sau biyu ake soya kaza, a tsame ta ta huta sannan a mayar da ita, domin kitsen fata ya narke ɓawon ya yi ƙarfin da zai jure miyar da ake shafa masa. Salon Japan da ake kira karaage ƙananan yanka ne, galibi na cinya marar ƙashi, da ake tsumawa a baƙin ruwan ɗanɗano mai gishiri na waken soya da citta. Ku san irin salon da gidan yake yi kafin ku rubuta masa mummunan sharhi.

Cikina ya ɓaci washegari. Gidan ne ya jawo?

Yana iya yiwuwa, amma kada ku yi saurin ɗora laifi. Alamomin Campylobacter sukan bayyana ne bayan kwana biyu zuwa biyar, na Salmonella kuwa daga awa shida har zuwa kwana shida, saboda haka abin da ya kama ku yana iya kasancewa daga abincin da kuka ci tun kafin ku je gidan. Ku yawaita shan ruwa, idan kuma akwai jini a bayan gida ko zazzaɓi mai zafi, ko kuwa mai ciwon ƙaramin yaro ne ko tsoho ko mai juna biyu, ku je asibiti ba tare da ɓata lokaci ba.

Sau nawa zan je wuri kafin in ce yana da kyau?

Sau biyu aƙalla: sau ɗaya a lokacin da jama'a suka cika, sau ɗaya kuma da la'asar sa'ad da ciniki ya lafa. Idan a zuwa na biyu sun ce ku jira a soya muku sabuwa maimakon su ɗebo daga akwatin gilashi, ku ajiye lambar wayarsu.