Kafin ka canja sabar suna, ka kwafe MX ɗinka

Masu makarantu da masu injin casar shinkafa a nan Birnin Kebbi, har da na Jega da Argungu, kukansu ɗaya ne: an mayar da shafin intanet sabon kamfanin hostin, wato mai ba shi masauki, imel ya ɗauke. Ga tambayoyin da suke yi mini da amsoshinsu, a karanta kafin a kira ni.

Shafi na mayar, me ya haɗa shi da imel?

Sabar suna. Ita ke gaya wa duniya inda komai na domen ɗinka (sunan shafinka a intanet) yake: rikodin A yana nuna masaukin shafi, MX yana nuna inda wasiƙu za su sauka. Kamar ɗan kamasho ne a tasha. Ka sallami tsohon, ka kawo sabon da motar Sakkwato kawai ya sani, to fasinjan Yawuri ina zai nufa? Sabuwar saba ba ta gadon komai daga tsohuwa.

Dole ne in canja ta?

A'a. Bar ta inda take, ka canja rikodin A da na www su nuna adireshin sabon masauki. Da mutane na jin wannan, da na huta.

Yaron da ya haɗa mini shafin ya ce dole ne.

Sauƙi yake nema, Alhaji. In ya nace, ya fara zuba bayanan imel a sabuwar saba tukuna.

Waɗanne bayanai?

Duk MX da lambobin fifikonsu, rikodin TXT na SPF, DKIM da DMARC (masu shaida cewa saƙo daga domen ɗinka ya fito), da CNAME (rikodin da ke mayar da wani suna kan wani) irin autodiscover in Microsoft 365 kake amfani da shi. Kwafa za a yi a liƙa, ba a ɗauki hoton allo da waya a zo ana bugawa da hannu ba. Mabuɗin DKIM haruffa ɗaruruwa ne, ɗaya ya kuskure shi ke nan.

Imel ɗina yana cPanel (allon sarrafa hostin) na tsohon kamfani, shafin kawai nake son ɗaukewa. Ya zan yi?

Nan ne ake faɗawa rami, kuma amsar ta danganta da yadda aka tsara maka tun farko. Duba abin da MX ɗinka ke nunawa. A yawancin cPanel, sunan domen ɗin kansa yake nunawa, wato wasiƙu na bin rikodin A ne. Kana mayar da A sabon masauki, wasiƙu sun bi shi can, ko da ba ka taɓa MX ba. Saboda haka ka buɗe rikodin A mai suna mail da adireshin tsohuwar saba, ka sa MX ya nuna shi. In mail ɗin CNAME ne da ke komawa kan domen, goge shi ka yi A, don ƙa'ida ba ta yarda MX ya nuna CNAME ba.

Sannan ka shiga cPanel na sabon kamfani, wajen Email Routing, ka zaɓi Remote Mail Exchanger. In ka bar shi a Local, duk saƙon da fom ɗin shafinka ya tura maka, sabar za ta nemi akwatinka a cikinta, ta rasa. Na waje na shigowa lafiya, na iyayen yara masu neman gurbi na ɓacewa, kai ba labari. In sabar sunan kamfanin Cloudflare ka koma, kashe gajimaren nan mai ruwan lemo a kan mail, don ba ya wuce da imel.

Mai yiwuwa waya ta yi ƙorafin takardar tsaro bayan haka, wani kamfanin kuma sai ya ce ka sa sunan sabarsa a maimakon mail. Tambayi tsohon kamfanin. Kuma duk wannan yana aiki ne muddin kana biyan tsohon kamfani. Ranar da kuɗin ya ƙare, akwatunan sun tafi, in kuma IMAP kake amfani da shi, tsarin da ke barin wasiƙu a kan saba, tsofaffin wasiƙun ma a can suke, ba a wayarka ba.

Wasiƙun da aka turo lokacin da ya ɗauke sun salwanta?

Kwantar da hankalinki, Hajiya. In saba ce ba ta amsa ba, ta mai aikawa kan yi ta gwadawa har kwana 4 zuwa 5. In kuwa sabuwar ta amsa ta ce babu wannan akwati, saƙon ya koma wa mai shi, sai a roƙe shi ya sake turowa.

Domen ɗina .ng ne, da bambanci?

Babu. Ƙungiyar NiRA ke kula da .ng, amma tsarin DNS, wato na sabar suna, ɗaya ne. Sai dai kowane domen ne, in an kunna DNSSEC, makullin tsaron sabar suna, a kashe shi kafin canji, in ba haka ba shafi da imel tare za su tafi.

Yanzu saƙonnina Gmail na maido su.

Ka bar SPF da DKIM a baya. Tun Fabrairun 2024 Gmail ke neman aƙalla ɗayansu daga kowane mai aikawa. Kuma SPF guda ɗaya ake yi wa domen. Kada ka ƙara na biyu, haɗe su za ka yi a layi ɗaya.

Yaushe zai daidaita?

Yakan kai awa 48. Kada ka rufe tsohon asusu kafin nan, kuma kada ka fara aikin ranar da kake jiran takardar kwangila.