Waiwaye: Yadda maganin ƙanjamau ya sauya kamannin masu shansa, da batun tiyatar gyara

A asibitocin Legas da ke kula da masu ɗauke da ƙwayar HIV, har yau ana ganin mutanen da suka fara shan magani shekara 20 da suka wuce, ƙwayar ta kwanta a jikinsu, amma kumatu sun faɗa, mazaunai sun zube, jijiyoyi sun fito raɗa-raɗa a hannu da ƙwauri. Wasu kuma kitse ya taru musu a ƙeya kamar tozon sa, ko ciki ya yi tulu alhali ƙafafu sun zama sili-sili. Ga ɗan kasuwa a Mile 12 ko matar aure a Agege, wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin fuska ce ke tona asirin da aka daɗe ana rufewa.

Likitoci a Ostareliya suka fara bayyana matsalar dalla-dalla a 1998. Da farko an ɗora laifin duka kan magunguna irin su indinavir, daga baya aka gano cewa zubewar kitsen fuska da gaɓoɓi aikin stavudine ne, sai zidovudine da ke biye masa. Suna lalata ɓangaren da ke samar da ƙarfi a cikin ƙwayoyin kitse, sai ƙwayoyin su riƙa mutuwa a hankali.

Da Najeriya ta fara shirin rabon magani a 2002, haɗin da aka shigo da shi daga Indiya shi ne stavudine da lamivudine da nevirapine. Asibitin koyarwa na Jami'ar Legas (LUTH) a Idi-Araba da cibiyar binciken lafiya ta Yaba na cikin wuraren farko. Haɗin yana da araha, kuma ya ceci rayuka masu ɗimbin yawa, wannan ba a musunsa. Sai dai an ci gaba da bayar da shi a Afirka bayan ƙasashe masu kuɗi sun fara janye jiki daga gare shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta rage awon stavudine zuwa miligiram 30, sannan a ƙa'idojinta na 2010 ta ce a daina. Aka koma tenofovir, yanzu kuma ana haɗa shi da dolutegravir, wanda nasa ƙorafin ƙiba ce, musamman ga mata.

Canjin magani yana tsayar da ɓarnar, amma kitsen da ya tafi kaɗan yake dawowa, cikin shekaru. Nan ne neman tiyata ya samo asali. Amurka ta amince da allurar Sculptra don cike kumatu a 2004, a shekarar kuma Burazil ta sa gyaran cikin ayyukan asibitocin gwamnati. A nan gida, maganin ne kyauta, gyaran jiki kuwa aljihun mutum.

Kowane wuri da irin gyaransa. Kumatu ana cike su da allura sau da dama, makonni tsakani, kuma bayan kamar shekara biyu abin yana raguwa. Idan allurar ba ta shiga da zurfi ba, sai ƙuraje masu tauri su fito a ƙarƙashin fata. Ana iya ɗebo kitsen mutum a dasa masa a fuska, amma wanda ya rame ina zai samo shi? Tozon ƙeya ana zuƙe shi, sai dai kitsen wurin mai tauri ne, kuma yakan dawo. Shi kuwa tumbi, kitsensa a can ciki yake kewaye da hanji, bututun zuƙa ba ya kai wa gare shi. Allurar tesamorelin ta kullum tana rage shi, amma tana da tsada, kuma da an daina yake komowa.

Abin da ya fi tayar mana da hankali shi ne gyaran bayan fage. Mace ta ga fuskarta ta zube, sai ta sayi dexamethasone a kemis a matsayin maganin ƙiba. Fuska za ta cika, amma kumburi ne, sukari ya hau, tozon ya ƙaru, garkuwar jiki ta yi rauni. Man bilicin mai ɗauke da irin wannan sinadari ma yana haifar da tozo, shi ya sa likita ke fara tambayar me ake sha, me ake shafawa, kafin maganar wuƙa. Sai a auna yawan ƙwayar cutar, da sukari, da kitsen jini. Wanda ya ajiye maganinsa don tsoron sauyin kama kuwa, ƙwayar za ta farfaɗo, kumatun kuma ba za su dawo ba.