Masani a gaban makirufo: amsoshin tambayoyin da ake ta maimaita mini

Na shafe shekaru ina zama da masana kafin a saka su a rediyo ko talabijin: likitoci, masana tattalin arziki, malaman jami'a, injiniyoyi. Aikina shi ne in taya su tace abin da za su faɗa wa jama'a. Tambayoyin da suke yi mini ba sa canjawa, har na haddace su. Ga amsoshin a wuri ɗaya. Duk wanda ya sake tambaya, wannan zan miƙa masa.

Tambaya: Mene ne laifi idan masani ya yi magana da ƙarfin gwiwa? Ai ya sani.

Amsa: Babu laifi, muddin muryarsa ba ta fi hujjarsa ƙarfi ba. Abin da ka tabbatar, faɗe shi ba inda-inda. Abin da kake zato, ka kira shi zato.

Tambaya: Ba masu ƙaramin sani ne ke cika baki ba?

Amsa: Suna yi, amma nasu ba ya nisa, na gefensu ne za su ji su watsar. Ni na mai babban sani nake tsoro. Irving Fisher na jami'ar Yale yana cikin manyan masana tattalin arzikin Amurka a zamaninsa. A watan Oktoban 1929 ya faɗa wa jama'a cewa farashin hannayen jari ya hau wani tudu da alama ba zai sauko ba. Cikin mako biyu kasuwar ta ruguje, kafin tsakiyar 1932 kuma ta yi asarar kusan kashi 90 cikin ɗari na darajarta. Dukiyarsa ma ta bi ruwa. Ba yaudarar kowa ya yi ba, shi kansa ya yarda da maganarsa har ya zuba kuɗinsa a kai. Gwano ba ya jin warin jikinsa, abin da ya sa ciwon yake da wuyar magani ke nan.

Tambaya: A ofis ina taka-tsantsan. Me ya sa da an kunna makirufo sai bakina ya zarce?

Amsa: Domin ɗakin yana tura mutum ga hakan. Jar fitila ta kama, mai gabatarwa ya jero digirorinka ɗaya bayan ɗaya, ya ce, "Farfesa, masu sauraro kai suke jira." A takardar da ke gabanka akwai kalmar "wataƙila", ni na ga lokacin da ka rubuta ta. Da ka iso wurin sai ka ɗaga ido ka dubi agogo, ka tsallake ta. Sau nawa na ga haka ta bayan gilashi, ina riƙe da kwafin takardar a hannuna!

Sannan mu masu shirya shiri muna da namu kason laifin. Wani malamin jami'a a Amurka, Philip Tetlock, ya bi diddigin hasashen masana 284 kan siyasa da tattalin arziki na kusan shekara 20, ya fitar da sakamakon a 2005. Waɗanda suke da ra'ayi ɗaya tak suna fassara komai da shi, ba sa nuna shakka, su suka fi yin kuskure. Kuma irinsu aka fi gayyata, domin maganarsu ta fi daɗin saurare. Idan ana yawan kiranka, kada ka ɗauka shaida ce ta kana yin daidai.

Tambaya: Ina da digiri uku. In an tambaye ni abin da ke maƙwabtaka da fannina, ba zan iya amsawa ba?

Amsa: Ranka ya daɗe, digirin na gonarka ne, bai ba ka gonar maƙwabci ba. Wannan tambayar ta fi kowace ɓata mini rai, domin an san abin da take haifarwa. A Ingila a 1999 an gurfanar da wata lauya, Sally Clark, kan zargin kashe jariranta biyu. Fitaccen likitan yara Roy Meadow ya shaida wa kotu cewa yiwuwar jarirai biyu su mutu farat ɗaya a gida irin nata ɗaya ne cikin miliyan 73. Ya samo adadin ne ta hanyar ninka yiwuwar mutuwa ɗaya da kanta, kamar mutuwar ta biyu ba ta da wata alaƙa da ta farko, alhali 'yan ɗaki ɗaya suna tarayya a jini da muhalli. Likita ne gwani, amma ba masanin ƙididdiga ba ne. Kotu ta ɗaure matar. Ƙungiyar masana ƙididdiga ta Birtaniya ta fito fili ta soki lissafin a 2001. An saki matar a 2003 bayan an gano sakamakon wani gwaji da ba a nuna wa kotu ba, ta riga ta yi fiye da shekara uku a kurkuku. Ta rasu a 2007. Da ya ce, "Wannan lissafin ku tambayi masu shi," me zai ragu a jikinsa?

Tambaya: In na ce ban sani ba, ban zubar da mutuncina ba?

Amsa: Kwantar da hankalinka. An ruwaito cewa an yi wa Imam Malik tambayoyi 48, ya amsa 32 daga ciki da "ban sani ba". Har yau ana karanta shi.

Tambaya: Mai gabatarwa ya ce in amsa da e ko a'a, saura daƙiƙa talatin, mutane kuma a tsorace suke. Amsar gaskiya ita ce "ya danganta". Yaya zan yi?

Amsa: To, wannan ita ce tambaya. Amsarta ma ta danganta, sai ka yi haƙuri da ni.

Kafin komai ka tambayi kanka: mai sauraro me zai aikata da maganata a daren nan? Idan akwai abin da ya kamata ya yi, kuma jinkiri zai cutar da shi, ka faɗi aikin kai tsaye, shakkarka kuma ka ajiye ta a kan dalilin. "Ku yi kaza yau. Abin da muka sani zuwa yanzu ke nan, in an samu sabon bayani za mu canja." Jimla biyu ne, suna shiga daƙiƙa talatin. Dubi abin da ya faru da takunkumin fuska lokacin annobar korona. A ƙarshen Fabrairun 2020 babban likitan gwamnatin Amurka ya ce wa jama'a su daina sayen takunkumi, ba ya kare su. Ranar 3 ga Afrilu hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar ta ce a rufe fuska a cikin jama'a. Canja shawara ba aibi ba ne, ilimi haka yake tafiya. Amma an faɗi ta farko kamar an gama magana, sai ta biyu ta zo wa mutane kamar tubka da warwara.

Wanda ya fi haɗari shi ne lokacin da ake so ka kwantar wa mutane da hankali. Zuciyarka ma tana so, domin kana jin tsoron a muryar masu bugo waya. A nan nake roƙonka ka riƙe bakinka. A garin L'Aquila na Italiya ƙasa ta yi ta ƙananan girgiza na watanni. Ranar 31 ga Maris 2009, ranar da kwamitin masana ya zauna a kan batun, wani babban jami'in hukumar kare jama'a ya shaida wa 'yan jarida cewa babu haɗari, ƙananan girgizar suna rage ƙarfin da ya taru ne. Ranar 6 ga Afrilu babbar girgiza ta kashe mutum sama da 300. Wasu iyalai sun shaida wa kotu cewa maganar ce ta sa 'yan uwansu suka kwana a cikin gida. An yanke wa masana shida da jami'in hukuncin ɗauri a 2012, kotun ɗaukaka ƙara ta wanke shida a 2014, ta bar hukunci a kan jami'in. Babu wanda zai iya faɗin ranar girgizar ƙasa, kuma ba a nemi haka daga gare su ba. Amma tsakanin "ba za mu iya cewa za ta faru ba" da "ba za ta faru ba" akwai rayuka.

Sai dai kada ka ɗauka "mai yiwuwa" ta fitar da kai. Kalma ce mai santsi. A 1951 masu nazarin leƙen asirin Amurka sun rubuta cewa akwai yiwuwa mai ƙarfi a kai wa Yugoslabiya hari. Da ɗaya daga cikinsu, Sherman Kent, ya tambayi abokan aikinsa da suka amince da rubutun me suke nufi, sai ya tarar wani kashi 20 cikin ɗari yake nufi, wani kashi 80. Waɗanda suka rubuta ke nan, ina ga mai sauraro? Saboda haka in kana da adadi na gaske, faɗe shi: "tsakanin kaza da kaza", ko "mutum ɗaya cikin goma". In ba ka da shi, kada ka ƙirƙira don maganar ta yi kama da ilimi, wannan ya fi shiru muni.

Akwai kuma almakashin mai tace shiri. In ka ce "e" sannan ka biyo da "amma", sau da yawa "e" ɗin ce za ta yi yawo a wayoyin mutane, "amma" ta tsaya a ɗakin. Ka sa sharaɗin a farkon jimla yadda ba za a iya yanke shi ba: "Ga wanda ba shi da ciwon kaza, e." Wani lokacin wannan ma ba ya isa, sai ka ce wa mai gabatarwa cikin ladabi, "Wannan ba ta amsuwa da e ko a'a, ba ni minti ɗaya." Yawancinsu za su ba ka. Wanda ya hana, ka gwammace ya ji haushinka.

Kada kuma ka zarce ɗaya gefen. Masanin da ya cika kowace jimla da wataƙila har mai sauraro ya tashi hannu wofi, ya bar fili ne ga mai maganin komai da komai, wanda shi ba ya taɓa shakka. In hujja ta yi ƙarfi, kamar alaƙar shan taba da sankarar huhu, rage murya ma rashin gaskiya ne.

Tambaya: Na riga na faɗi abin da ba daidai ba a iska. Shi ke nan?

Amsa: Magana zarar bunu ce, ba ta komawa, amma ana bin ta da gyara. Ka koma shirin da ka yi kuskuren, ka ce "na yi kuskure", ka faɗi daidai. Kada ka ce ba a fahimce ka ba alhali an fahimce ka sarai.

Tambaya: Akwai masanan da suka iya auna bakinsu?

Amsa: Masu hasashen yanayi. Suna faɗin yiwuwar ruwa da adadi, washegari sama ta nuna musu ko sun yi daidai, kullum haka. Kai ba wanda yake duba maka, sai ka duba da kanka. Sayi ƙaramin littafi, duk hasashen da ka yi a bainar jama'a ka rubuta shi da kwanan wata da yawan tabbacin da ka ji a ranka. Bayan shekara ka buɗe.

Tambaya: Za ka duba mini abin da zan faɗa gobe?

Amsa: Turo. Amma kafin ka turo, ja layi a ƙarƙashin kowane "tabbas" da "ko shakka babu" da "kowa ya sani", ka rubuta hujjar kowanne a gefen takarda. Wanda ka rasa abin rubutawa a gefensa, goge shi tun kafin ya iso gare ni.