Sandar fatsa ta faiba: amsar tambayoyin da kuke ta maimaita mini

Tun da ƙanena ya kawo mini wannan sanda daga Jidda, duk ranar da na sauka bakin kogi a Mai Wurno ta ƙasar Sudan sai an tare ni, kuma tambayoyin ba sa canjawa. Don Allah a karanta wannan kafin a sake tare ni.

Ina tsutsar?

Babu. Gashin zabo ko na kaza ake ɗaurawa a ƙugiya da zare, ya yi kama da ƙwaro ko ɗan kifi.

Ba dalma, me ke kai ƙugiyar nesa?

Igiyar. Ita ce mai kauri da nauyi, ita ake wurgawa.

Mai araha ba za ta karye ba?

Kwantar da hankalinka. Faiba ce, irin wadda ake ƙera kwale-kwale da ita, kuma ta fi sandar kabon, wato mai tsadar nan marar nauyi, jure wahala. Kafin ta kabon ta fito a shekarun 1970, ta faiba ce a hannun mafi yawan masu wannan kamu. Abin da ke karya ta shi ne ƙofar mota, da takawa, da ɗaga kifi sama da ita kamar guga.

Me ya sa igiyar ke ƙara kamar bulala, ta zubo a gabana?

Gaggawarka ce, malam! Faiba tana lanƙwasa har kusa da mariƙi, a hankali take miƙewa. In ka kai igiya baya, dakata har ka ji ta ja kan sandar, sannan ka turo gaba. Sau nawa zan faɗa? Je ka fili, cire ƙugiyar, ka yi ta gwaji kwana uku.

Za ta iya da tsage da giwan ruwa?

Nan sai mun bi a sannu. Duba lambar da ke jikin sandar, sama da mariƙi. In 5 ce ko 6, kamar tawa, karfasa da kawara ne abincinta, kuma da su za ka ji daɗinta, don laushinta yana hana siririn zaren da ke tsakanin igiya da ƙugiya tsinkewa. Ƙaramin tsage ma za ta iya, amma da sharaɗi. Haƙoransa na yanke zare nan take, dole ka sa waya kamar taƙi ɗaya kafin ƙugiya. Bakinsa kuma ƙashi ne, laushin sandar ba ya soka ƙugiya a ciki. Idan ya cafka, kada ka ɗaga sanda, fizgi igiyar da hannun hagu. Duk da haka wasu za su kuɓuce. Na ga wani tsage ƙasa da madatsar ruwa ta Sinnar, ya yi tsalle sau biyu yana kaɗa kai, jelarsa ja tana walƙiya, ya tofo ƙugiyar ya tafi. Mai lamba 8 ta fi dacewa da shi, sai dai faiba mai wannan lamba tana da nauyi, kafin azahar kafaɗa ta gaji, balle in iska ta taso. Giwan ruwa kuwa ya danganta da girmansa. Ɗan ƙarami a gefen duwatsu, wataƙila. Babba yana ƙasa can cikin zurfi, in ya ja ba abin da za ka tsayar da shi. Ban ba ka shawara ba.

Da damina fa?

Ajiye ta. Daga Yuli zuwa Satumba ruwan da ke gangarowa daga Habasha ja ne, kifi ba ya ganin gashin. Jira ya washe.

Me zan kashe wa kuɗi?

Igiya. Abin yana ci mini rai in ga mutum ya tsaya cinikin sanda, ya kwashi kowace igiya. Wadda aka yi don ƙasashen sanyi laushi take yi a zafinmu, ta riƙa liƙewa a zobban sandar. Nemi ta ƙasashen zafi, lambarta daidai da ta sandarka, kada kuma ka bar ta a rana.

Za ta ciyar da gida?

A'a. Wannan aikin taru ne, kada ka sayar da naka.