Waiwaye: Yadda Gidan Iyaye Ya Zama Kurkukun 'Ya Mace a Labaran Gotik

A shekarar 1764 wani ɗan majalisar Ingila, Horace Walpole, ya fitar da ɗan littafi mai suna The Castle of Otranto, ya ɓoye sunansa, ya ce wai fassarar wani tsohon rubutu ne daga Italiya. Daga nan ake ƙirga farkon salon Gotik, wato ƙagaggun labaran ban tsoro masu tsofaffin fadoji, hanyoyin ƙarƙashin ƙasa da fatalwa. Abin da aka fi tunawa a labarin shi ne ƙaton kwalkwalin da ya faɗo ya murƙushe ango ranar ɗaurin aurensa. Amma babbar ta'asar uban angon ne ya yi ta. Manfred, da ya ga ɗansa namiji tilo ya mutu kuma sarauta za ta bar gidan, sai ya ƙudura sakin matarsa ya auri amaryar ɗan nasa. Yarinya ta tsere, ya bi sawu, cikin duhun coci ya daɓa wa wata wuƙa yana zaton ita ce. Ashe 'yar cikinsa ce Matilda, wadda da ma bai ɗauke ta a bakin komai ba. Tana kan gargara tana yafe masa.

Wannan tsoro yana da tushe a dokar Ingila ta wancan zamani. Mace in ta yi aure, kuɗinta da kayanta sun koma hannun miji, kuma a idon kotu 'ya'ya na uba ne. Mai karatun da ya tashi da sanin cewa gadon mace nata ne ko tana gidan miji zai yi mamakin wannan, amma haka aka zauna har 1839, lokacin da fafutukar Caroline Norton ta sa aka ba uwa damar neman riƙon ƙananan 'ya'yanta. Dokokin da suka bar wa matar aure dukiyarta kuwa sai 1870 da 1882. Saboda haka 'yar da ke da gado haja ce a hannun uba ko waliyyi: ya aurar da ita ga wanda ya ga dama, dukiya ta bi ta.

Ann Radcliffe ce ta fi kowa gane wannan. A littafinta A Sicilian Romance na 1790, ana jin nishi ana ganin haske a wani sashen fada da aka rufe, barori suna cewa fatalwa ce. Julia, wadda ke gudun auren dole, ita ta gano gaskiya: uwarta ce da aka ce ta mutu, ubanta ya kulle ta shekara da shekaru don ya yi sabon aure. A The Mysteries of Udolpho na 1794, marainiya Emily tana tsare a tsaunukan Italiya, kuma abin da mijin gwaggonta yake nema shi ne ta sa hannu a takardar filaye. Masu sukar Radcliffe sun daɗe suna ƙorafin cewa tana ɓata daɗin labari, don a ƙarshe takan bayyana cewa babu wata fatalwa. A ganina nan ne ƙarfinta yake: ta nuna mai riƙe da mabuɗi mutum ne, kuma doka na bayansa.

Ga Mary Shelley kuwa, abin a cikin gida ya same ta. Mahaifiyarta Mary Wollstonecraft ta rasu a 1797, kwana 11 da haihuwarta. Bayan Frankenstein na 1818, wanda ta sadaukar wa mahaifinta William Godwin, ta rubuta Mathilda, labarin uban da matarsa ta mutu wajen haihuwa, daga baya ya furta wa 'yarsa irin son da bai halatta ba. Ta aika wa Godwin rubutun daga Italiya don a buga, ya riƙe, bai buga ba, bai mayar mata ba. Sai a 1959 littafin ya fito.

A ƙarni na 20 dokoki sun sauya, salon ya yi ƙarfi a Amurka, fada ta zama gidan talakawa, sai laifi ya koma kan uwa. A The Haunting of Hill House na Shirley Jackson, shi ma na 1959, Eleanor ta yi shekara 11 tana jinyar uwar da ba ta ƙauna. Daren da uwar ta mutu ta yi ta buga bango tana kira, Eleanor ba ta tashi ba. Da aka fara dukan ƙofofi a gidan fatalwar da ta je daga baya, cikin magagin barci sai ta zaci uwarta ce. A Carrie na Stephen King, 1974, uwa ce ke kulle 'yarta a ɗan ƙaramin ɗaki ta yi addu'ar tuba saboda ta fara al'ada. A shekarun 1970 ne mai nazarin adabi Ellen Moers ta raɗa wa rubutun mata a wannan fage sunan Gotik na mata. Labaran wannan zamani sun ƙware wajen nuna yadda ciwon yarinta ke bin mutum har girma, sai dai da yawansu sun yi wa uwa rashin adalci: a nuna ta kamar dodo, ba a tambayi abin da ya mayar da ita haka ba.

Toni Morrison ce ta yi wannan tambaya a Beloved na 1987, inda jaririyar da uwarta ta kashe ke dawowa gidan. Ta gina shi a kan labarin gaskiya. A watan Janairun 1856 wata baiwa, Margaret Garner, ta tsere da iyalinta daga Kentucky, suka ƙetare kogin Ohio a kan ƙanƙara zuwa Cincinnati. Da masu kamun bayi suka kewaye gidan da suka ɓuya, sai ta yanka 'yarta mai shekara biyu don kada a mayar da ita bauta. Lauyanta ya so a tuhume ta da kisan kai a jihar Ohio, domin hakan zai nuna ita da 'yar mutane ne a gaban shari'a. Aka yanke cewa dokar bayin da suka gudu ta 1850 ce a sama, aka miƙa ta ga ubangijinta a matsayin dukiya.