Gajeren fain a tsakar gida: zai rayu a Zariya kuwa?

Wane itace ne wannan da ake ganin hotonsa a dunƙule kamar ƙwarya a kife?

Galibi wani nau'in fain ne (itacen da ake ce wa pine da Turanci) da ake kira Pinus mugo, ɗan asalin duwatsun Turai irin su Alps. Masu lambu a can sun ware waɗanda ba sa tsawo suka ba su suna, kamar Mops da Gnom. Ganyensa siriri ne kamar allura, bibbiyu a haɗe, kuma kore yake rani da damina. Sai ya shekara 10 bai kai ƙugun mutum ba.

To in na samu, in dasa?

Ni dai ba zan ba ka shawarar kashe kuɗinka ba. Itacen nan ya saba da yin barci na watanni a ƙarƙashin ƙanƙara, sai sanyin ya wuce ya farka ya yi toho. Hunturunmu da muke lulluɓa da bargo muna ƙorafi, a wurinsa ba sanyi ba ne. Ga kuma zafin Maris da Afrilu da yake kusantar digiri 40. Zai yi ta lallaɓawa shekara ɗaya ko biyu, allurorin su yi ja daga ciki, shi ke nan.

Ashe fain ba ya yi a ƙasarmu ke nan?

Yana yi. Pinus caribaea, ɗan yankin Amurka ta Tsakiya, ya saba da zafi, kuma akwai shi a gandun dajin Afaka kusa da Kaduna da kuma tsaunukan Jos. Tashar binciken gandun daji da ke Samaru ta daɗe tana gwajinsa. Sai dai shi dogo ne, don haka a tukunya za ka tsare shi. Idan sabon toho ya fito a tsaye kamar kyandir, ka ƙarya rabinsa da yatsa tun yana da taushi. Kada ka sare tsohon reshe, fain ba kamar darbejiya ba ne, inda ka sare ba ya sake fitowa.

Wace ƙasa yake so?

Wadda ruwa ba ya kwanciya. Ƙasarmu mai laka, in ruwan Agusta ya zauna mata, saiwa ruɓewa take yi, saboda haka a haɗa da yashi mai kauri, a huda gindin tukunyar sosai. Ban da toka, ban da ɗanyen kashin kaji. Abin da mutane da yawa ba su sani ba: saiwar fain tana zama ne tare da wata funfuna da ke taya ta jan ruwa da abinci. In babu ita, dashen ya tsaya cak, ya yi rawaya. Ka ɗebo ƙasa cike da hannu biyu daga gindin tsohon fain ka zuba a taka. A kuma sa ido a kan gara.

Wanda masu sayar da fulawa a bakin titi suke ce wa fain fa?

Sau da yawa kasuwarina (Casuarina) ce, wata bishiya dabam mai kama da fain. Ka tsinko "allura" ɗaya ka ja: in ta rabu gaɓa-gaɓa, kasuwarina ce, in kuwa biyu ko uku ne a ɗaure a gindi ɗaya, fain ne. Ita kasuwarina tana jure rani, tana kuma karɓar aski, da almakashi za ka mayar da ita dunƙulalliya kamar ta cikin hoton.