Shin da gaske Indiya ta soke tsarin ɗabaƙa tun 1950?

An daɗe ana cewa kundin tsarin mulkin Indiya na 1950 ya kawar da rabe-raben mutane bisa asalin haihuwa. Ba haka ba ne. Sashe na 17 ya haramta ƙyamar taɓa 'yan Dalit ne, wato waɗanda ake ɗauka a matsayin ɗabaƙa mafi ƙasƙanci, sashe na 15 kuma ya hana nuna wariya. Ɗabaƙar kanta tana nan, har ma da ita gwamnati ke ware guraben karatu da aikin gwamnati ga waɗanda aka danne.

Abin mamaki shi ne, rabon da a fitar da cikakken adadin kowace ɗabaƙa tun ƙidayar 1931, lokacin Turawan Ingila. Daga 1951 ana ƙirga 'yan Dalit da ƙabilun asali kawai. A 2011 sun kai kashi 16.6 da 8.6 cikin ɗari.

Sauran ɗabaƙun da aka bari a baya fa? Kwamitin Mandal, wanda gwamnati ta kafa don duba halin da suke ciki, ya dogara da alƙaluman 1931 ya ƙiyasta su kashi 52, kuma a 1990 gwamnatin Firaminista V.P. Singh ta ware musu kashi 27 na ayyukan tarayya. Wato da ma'aunin kakanni ake yi wa jikoki rabo.

Jihar Bihar ta ƙirga nata a 2023, ta samu ɗabaƙun da aka bari a baya sun haura kashi 63. A Afrilun 2025 gwamnatin Modi ta amince a saka ɗabaƙa cikin ƙidaya mai zuwa.